Shekarar da Na Hana Kakanku Ɗaukar Kulu

Nasiru da Mariyama, na san abin da kuka tashi kuna ji a Dogarawa. An ce muku uwarku ƴar boko ce mai ɗaga hanci, ta shigo gidan maɗora ta raina musu gado, har ta hana kakanku taɓa jikarsa sai da yarinyar ta mutu. Ba ƙarya aka yi muku gaba ɗaya ba. Na hana shi, kuma da bakina na faɗa masa, ban aiki kowa ba. Sai dai masu yawo da labarin nan babu ko ɗayansu da ke cikin ɗakin ranar da abin ya faru, ni kuwa ina ciki, yarinyar ma a cinyata take. Yayarku ce, ba ku san ta ba sai a suna, saboda haka ku ji daga bakina tun ina da sauran numfashi.

Ba ku tarar da kakanku da ƙarfinsa ba. Lokacin da aka kawo ni gidan, zaurensa ba ya rabuwa da mutane. Daga Bazaga ake kawo masu karaya a amalanken jaki, daga Illela, har daga hayin iyaka, ƴan kabu-kabun Konni kuwa da wuya ka sami wanda bai taɓa kwanciya a tabarmarsa ba. Yakan shafa man shanu, ya lumshe ido, ya bi ƙashi da yatsa har ya gano bakin karayar, sannan ya sa ƙarti su danne mutum, ya ja, ya daidaita, ya jera karan dawa ya ɗaure tamau. Mai karaya da kazarsa yake zuwa, haka gadon gidan yake. Baba, wato kakanku, zai karya ƙafar kazar, ya ɗora ta yadda ya ɗora mai ita, a sake ta a tsakar gida, kuma ba a maganar kwance wa mutum kara sai kazarsa ta taka ƙasa. Ni da na yi karatun ilimin halittu a Yamai na sha yin dariyar kazar nan a cikin mayafina, amma ban taɓa yi wa hannunsa dariya ba. Da idona na ga waɗanda aka shigo da su ranga-ranga sun fita da ƙafafunsu.

Ni ƴar Konni ce, ubana ɗan kasuwa. Na yi lakwal, wato makarantar boko, har na zama malama, aka turo ni kolej a Dogarawa, a nan babanku Isuhu ya gan ni, lokacin yana aikin siminti a Malbaza. Kowa a gidan yana ce mini Madan, yadda ake kiran malamar lakwal, har Baba. Na daɗe ban haihu ba, na sha habaici har na ƙoshi, sannan Allah ya kawo Hauwa'u, muna ce mata Kulu. An ce ƴar fari ba a kiran sunanta, ba a nuna ana son ta. Ni dai na kasa wannan kunyar, kuma ban ba kowa haƙuri ba. Ƴar mitsitsiya ce mai babban goshi, farin idonta kuma ba fari ba ne sosai, yana da shuɗi-shuɗi kamar an sa masa shuni. Baba ya mace a kan idon nan. In ya dawo daga masallaci sai ya tsaya nesa da ƙofata ya yi gyaran murya.

"A miƙo mani amaryata," yakan ce, "in ji ko ta aza mani tuwo."

Karayar farko a bayana ta faru. Na goya ta, na ja zane na ɗaure yadda kowace uwa take yi, sai ta ƙwalla wata irin ƙara da ban taɓa ji ba. Baba ya laluba ya ce haƙarƙari ne. Bayan wannan sai hannu, wurin wanka. Bayan hannu sai ƙafa, ranar da ta fara yunƙurin rarrafe. Duk karaya da kazarta, har tsakar gidanmu ta cika da kaji masu ɗingishi, kuma kowace kaza ta warke sumul. Kulu ma tana warkewa, sai dai ƙashin ya kama a lanƙwashe, kafin mu gama godiya wani wurin ya tafi. Na daina goyo. Na sami babban daro na shimfiɗa matashi a ciki, a nan take kwana, a nan nake rungumo ta zuwa lakwal in ajiye ta gefen teburina. Wannan daron ya ba mutanen Dogarawa abin magana har suka manta da tsadar gero. Kakarku Inna ba ta ɓoye nata ba.

"Ɗiyan duniya duk ga baya sunka girma," in ji ta, "ke taki cikin daro awa kayan wanki. Nono na lakwal, hannu na lakwal, ƙaƙa ƙashi za shi ƙwari?"

Wasu suka ce iska ce, wasu suka ce baki ne. An ba ni rubutu na ba ta, an ba ni hayaƙi na turara mata. Kada wani ya ce muku na ƙi abin gida, babu wanda ban yi ba.

Shekarar da fara ta sauka wa gero, bayan an kai ɗan abin da ya rage gida, Kulu ta riga ta iya magana, bakin nan ba ya hutawa, amma ba ta tafiya, jan gindi take yi a kan tabarma. Wata rana da hantsi ta juya za ta ɗauko ludayin da take wasa da shi, cinya ta tafi. Aka kira Baba. Ya shigo ɗakina, na riƙe ta a cinyata, ya shafa man shanu, ya yi bisimilla, ya kama ƙwaurinta don ya ja cinyar ta koma wurinta, yadda ya yi wa mutanen da ba su ƙirguwa. Na ji ƙarar da kunnena, ƙas, ƴar ƙarama, kamar an karya tsinken tsintsiya. Ba daga cinyar ta fito ba, daga ƙarƙashin babban yatsansa ta fito. Na ɗaga kai, shi ma ya ɗaga, ranar ce farkon da na taɓa kallon surukina cikin ido. Ya ɗaure cinyar, ya ɗaure ƙwaurin, Kulu ta yi kuka har muryarta ta dushe, bakinta a buɗe babu abin da ke fita. Da ya kai bakin ƙofa sai na ji ya ce wa Inna a hankali:

"A kamo kaji biyu."

Da ƙafar ta kama, aka ba da hutun lakwal, na ɗora daron a cinyata a cikin mota har Yamai. Likitan yaran da muka gani dattijo ne. Ya duba hotunan ƙashinta, ya duba idonta da haƙoranta, ya tambaye ni aikina. Da na ce ilimin halittu nake koyarwa sai ya ajiye abin rubutunsa, ya ce to ba zai sha wahalar bayani ba.

Ku bari in faɗa muku abin da nake zanawa a allo kowace shekara, don ku gane abin da ya gaya mini. Jikin mutum ƙwayoyi ne ƙanana da ido ba ya gani sai da madubin likita. Kowace ƙwaya tana da nata ƙashin a ciki, wasu zaruruwa da suka tokare ta ta ko'ina kamar dirkoki da tankar rumfa. Su suke ba ta siffa, kuma a kansu kaya suke tafiya. Abin da ƙwaya ta sarrafa a cikinta takan ƙunshe shi a ƴan jakunkuna, jakunkunan su bi zaruruwan nan har bakin fatarta, su buɗe, su zubar da shi waje. Haka yawu yake fitowa, haka nonon da na ba ku. Ƙwayoyin da ke gina ƙashi kuwa wata igiya suke fitarwa mai tufka uku, a kanta ne abin da ke taurara ƙashi yake zama. Na zana wannan da alli mai launi, na ja kunnen yaran da suka manta da jakunkunan, na ba da maki, ban taɓa tunanin maganar ɗakina nake yi ba.

"Igiyar ƴarki ba ta tufkuwa daidai," in ji likita. "Wata tana maƙalewa a cikin ƙwayar, ba ta fita. Wadda ta fita kuma ba ta da ƙwari. Ba nononki ba ne, Madan, ba goyo ba ne. Sau da yawa ma ba daga uwa ba ne ba daga uba ba, daga kan yaron yake farawa."

Na tambaye shi magani, ya ce babu wanda zai gyara igiyar, sai lallaɓawa. Ya nuna mini yadda zan riƙa ɗaga ta, da yadda zan tallafe karaya da kwali da auduga, sako-sako, ba ja ba matsa. Sannan ya tambayi wanda yake yi mata ɗori. Na ce kakanta. Ya ce ba ya raina aikin kowa, amma duk wanda ya ja ƙafar yarinyar nan da ƙarfin da ake jan ta manomi, zai gyara wuri ɗaya ya karya biyu. Na fito na zauna a inuwar katangar asibitin na yi kuka har masu sayar da lemo suka taru a kaina. Rabin kukan na baƙin ciki ne, rabi kuwa, Allah ya sani, na jin cewa ba ni na karya ta ba.

Da muka dawo na zayyana wa babanku komai, na ce ya je ya sami Baba. Mutumin kirki ne babanku, Allah ya ji ƙansa, amma a gaban ubansa ba shi da baki.

"Ba ni iya hwaɗa mai," ya ce. "Ubana na. In nic ce mai hannunai ya karya ta, na kashe shi da rai."

"To zauna da kunyarka," na ce. "Ni ɗiyata ta, ina iyawa."

Bayan la'asar, da zauren ya watse, na ja mayafi na je na durƙusa a bakin ƙofar ciki, abin da suruka ba ta yi. Ban kawo masa maganar ƙwaya da jakunkuna ba. Na ce masa likita ya ce ƙashin Kulu tubali ne da aka kwaɓa ba a sa masa ciyawa ba, ya bushe kam, amma ba ya ɗaukar hannu. Na shirya jin faɗa, na shirya a kore ni. Shi kuwa carbinsa kawai yake ja.

"Na ji ranan nan," ya ce. "Ga yatsana nij ji. Mi kike so, Madan?"

"Baba, kak ka ƙara yi mata ɗori."

"Na ji." Ya juya carbin a hannunsa. "Ɗauka hwa?"

A nan ne maganar take, a nan kuma mutane suke cewa na wuce gona da iri, saboda haka ku saurara. Na san hannun Baba. Ko jinjiri lafiyayye aka miƙa masa, yatsunsa sai sun bi gaɓoɓi suna latsawa, ba da saninsa ba, aikin ya riga ya shiga jikinsu. Na kuma san Inna. In na bar ƙofar ɗauka a buɗe, ranar da na juya baya za ta aza masa yarinyar a cinya, kuma Baba ba zai ji karaya a ƙarƙashin yatsansa ya naɗe hannu ba. Duk wannan na gan shi ina durƙushe.

"Ko ɗauka, Baba."

Ya ajiye carbin, ya buɗe tafukansa yana duban su. Ya ce, "Allah shi ba ta lahiya. Tashi ki tahi." Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Ban san wanda ya ji mu ba, amma kafin sallar isha labari ya kai bakin kasuwa, kafin Juma'a ya kai Konni. Aka ce maɗorin Dogarawa surukarsa ta hana shi jikarsa, an ce hannunsa ya juya. Zauren ya fara sanyi. Akwai ranar da na ga amalanke ya tsaya a ƙofar gida da mai karaya a kai, wani ya matso ya yi wa mai jakin raɗa, suka juya suka tafi, Baba yana zaune yana kallon su. Inna ta daina cin abin da na dafa, in na gaishe ta sai ta amsa wa bango. Babanku ya kama ɗaki a Malbaza, ya ce aiki ya yi yawa, sai ƙarshen mako muke ganin sa. Ƴan'uwan Baba suka taru suka ce a sallame ni in koma Konni da darona. Na ji amsar da ya ba su ta bayan katanga.

"Ku bar ta. Uwa ta."

Wannan shi ne abin da ba a gaya muku, wanda aka ce na wulaƙanta shi ne ya hana a kore ni. Kullum da yamma nakan shimfiɗa wa Kulu tabarma a gindin bishiyar dogon yaro ta tsakar gida, Baba ya jawo buzunsa ya zauna inda hannu ba ya kaiwa, ya tura tafukansa a ƙarƙashin cinyoyinsa. Sai a buɗe tsiya. Ta ce masa ya tsufa, ba haƙora, ita ta sake shi za ta auri mai babur. Ya ce ai sai ta maido masa da goronsa. Ta ce kaji sun cinye. Su yi ta dariya, ni ina gefe ina duba takardun yara, ina jin kamar komai ya daidaita. Wata yamma sai ta katse dariyar.

"Tsoho, don mi ba ka ɗaukata yanzu?"

Jan biro ya tsaya a hannuna. Ban ɗaga kai ba, na jira ya ce ta tambayi uwarta, kuma da ya faɗa da bai yi laifi ba.

"Hannuna ya yi kaushi, amarya," ya ce. "Sai na shahwa mai ya yi taushi."

"To shahwa."

"Ina shahwawa."

Tun daga ranar kusan kullum sai ta tambaye shi ko ya yi taushi, ya ɗaga mata tafin daga nesa ta duba, ta yamutsa fuska ta ce da saura. Ni kuwa in shige madafa in ce hayaƙi ne ya shiga mini ido.

Karayar ta ragu bayan na hana shi, wannan gaskiya ne kuma ina so ku riƙe shi, amma ba ta daina ba. Da bazara ta yi atishawa mai ƙarfi, dantse ya tafi. Na yanka kwalin sabulu, na shimfiɗa auduga, na tallafe hannun yadda aka nuna mini. Baba yana tsaye a bakin ƙofa tun daga farko har ƙarshe, hannuwansa a goye a baya, ina jin numfashinsa. Bai shigo ba, bai ce mini ga yadda ake yi ba. Washegari na zaga bayan rumbu zan ɗebo kara, sai ga wata ƴar budurwar kaza a kwance, ƙafarta ɗaure da tsinken kara, ɗori mai kyau, irin nasa. Na tsaya a kanta na daɗe. Sannan na koma na ɗebo mata tsaba da ruwa a kasko, kuma har ta warke ni nake ba ta, ba mu taɓa yin maganar da shi ba.

Damina ta kankama, tari ya kama Kulu. Ƙirjinta ƙarami ne, haƙarƙarin sun lanƙwashe tun tana jinjira, ba ta da ƙarfin da za ta fitar da majina. Na kai ta wurin likita, aka yi allurai, aka ba da ruwan magani, babu abin da ba a yi ba. Gero yana fitar da kai, wata safiya rana ta ɗan ɗaga, ta ce mini tana jin ƙishirwa, na ɗaga kanta na ba ta, ta kurɓa kaɗan, shi ke nan, ta cika. Inna ce ta yi mata wanka. Ta zuba ruwa a ƙwarya, ta dube ni, ta yi mini maganar farko tun ranar zaure.

"Riƙa mani kanta, ke kin san yadda take so."

Aka naɗe ta a likkafani, aka sa a ƴar tabarma. Babanku ya iso daga Malbaza a babur, da farin siminti a gashinsa. Yaro ƙarami irinta ba a sa shi a makara, a hannu ake kai shi. Babanku ya sunkuya zai ɗauka, sai muka ji gyaran murya. Baba ne a bakin ƙofa, ɗaki cike da mata, ya sa farar rigarsa ta Juma'a. Bai dubi ɗansa ba, ni ya duba.

"Madan, yanzu an yarda in ɗauke ta?"

Na gyaɗa kai. Ya cire takalmi ya shigo, ya durƙusa, ya ware yatsunsa, ya zura tafi ɗaya ƙarƙashin kanta, ɗaya ƙarƙashin ƙugunta, ya ɗaga ta gaba ɗaya ba tare da ko'ina ya lanƙwasa ba. Haka nake ɗaga ta, kuma ban taɓa koya masa ba.

Da za a maido ni bakin zauren nan yau, abin da na faɗa shi zan sake faɗa, domin watannin da ta yi tana yi masa tsiya a gindin dogon yaro, da ban hana shi ba, da ba ta yi su da ƙafa a miƙe ba. Amma kada ku yarda da wanda ya ce muku ban san abin da na ƙwace wa tsohon nan ba. Na sani tun ina durƙushe, kuma har yau yana ci mini rai.

Mata ba sa zuwa maƙabarta, sauran labarin babanku ne ya ba ni, sau ɗaya tak, bayan shekaru. Ya ce Baba ya yi gaba da ita yana takawa a hankali, har mutanen da ke biye suka riƙa tsayawa don kada su wuce shi. Aka yi mata salla. Babanku ya sauka cikin kabarin, ya miƙo hannuwa biyu don ya karɓe ta. Baba yana tsaye a baki da ita a ƙirjinsa, bai miƙa ba. Babanku ya ce, "Baba, kawo ta." Sai ya ce:

"Dakanta, Isuhu. Yanzu nis same ta."

Aka tsaya ana jiran sa, har liman.